Kwana Biyun da Tilde Ta Yi a Waje

Litinin, 6 ga Fabrairu, shida da rabi na safe

An samu Tilde jiya. Mai sayar da tikitin jirgin fito ne ya gan ta a ɗakin jiran fasinja, zaune a ƙasa, silifas a ƙafa ɗaya, ɗayar duk yanka. Ya san ta tun tana 'yar firamare, amma ita ba ta gane shi ba. Da ya kira sunanta sai ta ce masa ya yi shiru, bango yana magana.

Tana asibitin birni, a sashen masu taɓin hankali. 'Yata. Shekara ashirin da uku.

Wannan littafin shago ne, wanda nake rubuta sunan jirgi da abin da ya lalace a injinsa. Na juya shi na fara ta baya.

Matata Lisbet tana dawowa yau daga tsibirin Bornholm. Sati uku ta yi can tana jinyar mahaifiyarta da ta karye a ƙugu. A waya na gaya mata Tilde ta fita ranar Juma'a ba ta dawo ba. Haka na ce: ta fita.

Litinin, biyar na yamma

Na ɗauko Lisbet a tashar jirgin ƙasa. Ko jakarta ba ta bari na karɓa ba.

"Tun Juma'a, Ejvind? Ranar Asabar mun yi waya, ka ce mini kowa lafiya."

"Na zaci tana wajen ƙawarta."

"Wace ƙawar?"

Na ce ban tambaya ba. Ta juya tana kallon taga har muka isa asibiti.

Tilde tana zaune a bakin gado, bakinta yana motsi kamar mai tauna, alhali babu komai a ciki. Ta dubi uwarta ta ce, "Ke ce ta gaskiyar, ko wadda suka aiko?" Lisbet ta durƙusa ta rungume ƙafafunta da aka naɗe da bandeji. Ni na tsaya a bakin ƙofa riƙe da hulata.

Talata, 7 ga Fabrairu, tsakar rana

Ranar Lahadi da aka kawo ta, wani likita ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Na ce kwana uku ko huɗu. Ta yi rashin lafiya kafin nan? Na ce a'a. Tana shan wani abu? Na ce ƙwaya ce. Ya tambaya ko na gani da idona. Na ce ba sai na gani ba, na binne ɗa ɗaya, na san alamun.

Ya rubuta. Na ga lokacin da ya rubuta.

Yau sun ce ba su sami komai a fitsarinta ba. Na ce ai akwai sababbi da gwaji ba ya kamawa, ɗan nawa, Jeppe, ya sha gaya mini. Ma'aikaciyar jinyar ta ce haka ne, akwai.

Jeppe zai cika shekara biyar da rasuwa a watan Mayu.

Laraba, 8 ga Fabrairu, safe

Na je shago. Na kwance famfon mai na jirgin Knud masunci, na mayar, na sake kwancewa. Ba abin da ya same shi.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, huɗu na yamma

Gudrun maƙwabciyarmu ta kira ni ta kan shinge ina fitowa daga mota. Ta haura tamanin, kullum tana bakin taga da madubin hangen nesa, wai tsuntsayen teku take kallo. Duk layinmu mun san irin tsuntsayen.

"Shigo ka ɗauki kayanka, sun tsare mini hanya."

A bayan ƙofarta jakar Tilde ce, shuɗiyar nan ta tafiya.

"Ranar Asabar da safe na ɗauko ta daga ƙofarku," in ji ta. "Ta kwana a ruwa. Na ce kayan yarinya za su ruɓe. Na shanya su, na goge. Rigar sanyinta ma tana ciki."

Ranar Asabar ɗin nan da na leƙa na ga babu jakar, na ce a raina ta dawo ta ɗauka ke nan, ta sami wurin kwana, tana fushi ne kawai. Na dafa kofi. Na ci burodi da kifi. Na yi waya da Lisbet na ce kowa lafiya. Ban fita nemanta ba saboda jakar nan.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai me ya sa ba ka tambaya ba? Ƙato da kai." Ta gyara gilashinta. "Lisbet ta sani?"

Na girgiza kai.

"Ni ba zan faɗa ba, ba gidana ba ne. Amma in ta tambaye ni, na tsufa da yin ƙarya. Ɗauki, ka rufe mini ƙofa, sanyi na shigowa."

Jakar tana shago yanzu, ƙarƙashin teburin aiki, na rufa mata tamfol.

Asabar, 11 ga Fabrairu, yamma

Maganin da suke ba ta bai karɓe ta ba. Jikinta ya sandare, hannu in an ɗaga shi sai ya tsaya a sama. Ta daina magana. Zazzaɓi.

Lisbet ta ce da su, "Wannan ba hauka ba ne, na san 'yata." Suka ce duk iyaye haka suke cewa, amma za su duba.

A mota ta tambaye ni, "Ba ka ga komai ba kafin ranar? Ko ɗan wani abu?"

Na ce ta ɗan yi shiru-shiru.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Ta fita. Haka na ce.

Litinin, 13 ga Fabrairu, uku na rana

Da safe ta faɗi tana jijjiga, minti shida, ta ciji harshenta. Sun ɗauke ta daga wancan sashen sun kai ta na masu ciwon ƙwaƙwalwa, hawa na huɗu.

Likitar can sunanta Vibeke, doguwa, gashi duk furfura, takalmin gudu a ƙafarta. Ba ta zauna a bayan tebur ba, ta jawo kujera kusa da mu.

"Ina so ku koma da ni baya," ta ce. "Ba kwana uku ba. Wata guda, wata biyu. Ciwon kai? Mura da zazzaɓi? Rashin barci? Mantuwa?"

Lisbet ta ce ita ba ta nan, ta juyo ta kalle ni. Su biyu suna kallona.

Na ce ban lura ba.

Vibeke ta daɗe tana dubana, sannan ta ce to, in na tuna wani abu, ɗakinta shi ne na ƙarshe a hagu.

Talata, 14 ga Fabrairu, goma na safe, cikin mota a harabar asibiti

Na ce da Lisbet zan sayo kofi, na tafi ɗaki na ƙarshe a hagu.

Na faɗa mata. Tsakiyar Janairu, kwana biyu bayan tafiyar Lisbet, Tilde ta yi zazzaɓi da ciwon kai har ta rufe labule, tana cewa haske na soka mata ido. Na ba ta maganin ciwon kai. Zazzaɓin ya sauka, sai barci ya ƙi. Ina jin tafiyarta a sama har safe. Ta manta sunan cokali, ta tsaya riƙe da shi tana kuka. Shugabar gidan renon yaran da take aiki ta bugo ta ce an same ta tsaye a tsakar fili kusan minti goma ba ta motsi, yara suna jan rigarta, a kai ta ga likita. Na ce zan kai ta. Ban kai ta ba. Na shiga ɗakinta na zazzage aljihunan riguna, na ɗaga katifa, na kwance bayan rediyo, duk wuraren da Jeppe yake ɓoye nasa. Ban sami komai ba, sai na ce ta fi shi wayo.

Sati uku. Ba kwana uku ba.

Vibeke ba ta katse ni ba. Da na gama na tambaye ta ko da na faɗi wannan ranar farko, da wani abu ya canza.

"Kana so in ce a'a," ta ce. "Ba zan ce ba. Zazzaɓi da ciwon kai kafin rikicewa, da mun ji wannan da tun ranar muka ɗebi ruwan bayanta. Mu ma da namu, ya kamata mu yi shakka da wuri. Amma e, da ya canza."

Ta ce dole ta sa shi a takardun Tilde, kuma a zaman da za ta yi da mu gobe za ta ambata. "Gara matarka ta ji daga bakinka."

Na manta kofin. Lisbet ta tambaya, na ce injin kofin ya lalace.

Talata, shida na yamma

Na gaya wa Lisbet maganar sati ukun. A kicin, tana fere dankali. Ta ajiye wuƙar a hankali.

"Kullum muna waya. Kullum, Ejvind."

"Kina da mahaifiyarki a kanki. Ban so in ƙara miki ba."

"Kada ka kuskura ka ce don ni ka yi."

Ta haura sama ta kwanta a gadon Tilde. Dankalin yana nan cikin ruwa.

Sauran ban faɗa ba.

Laraba, 15 ga Fabrairu, rana

Sun ɗebi ruwan bayanta jiya. Allura doguwa a gadon baya, tana kwance a gefe an naɗe ta kamar jaririya.

Vibeke ta zana mana a bayan takarda. Ƙwaƙwalwa a lulluɓe take da tantani hawa uku, na waje mai kauri, na ciki siriri ya manne mata, a tsakaninsu ruwa yana zagayawa har ƙasan baya. Aikinsu tsaro, ba kowane abu da ke cikin jini suke bari ya shiga ba. Ruwan lafiyayyen mutum garau yake, kusan babu komai a ciki. Na Tilde cike yake da ƙwayoyin garkuwar jiki. Akwai kumburi.

Lisbet ta ce, "Sanƙarau?"

Ta ce da farko shi suka ji tsoro, amma ba su ga ƙwayar cuta ba. Tana zargin wani abu dabam, ta aika ruwan wani ɗakin gwaji, sai an jira. Amma ba za ta jira ba, yau za su fara ba ta magani mai ƙarfi ta jijiya don kwantar da garkuwar.

Na tambaya ko ƙwaya tana iya jawo wannan. Ban san me ya sa na tambaya ba. Na sani.

"A'a," in ji Vibeke. Lisbet ta tashi ta fita.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Numfashinta ya riƙa tsayawa. Sun kai ta sashen kulawa ta musamman, sun sa mata na'ura. Sati biyu yau da fitarta.

Litinin, 20 ga Fabrairu, biyu na rana

Sakamako ya zo. Ciwon yana da dogon suna, na kwafa a hannuna da biro, ya goge kafin in iso mota.

Ga yadda na fahimta. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin wurare da suke karɓar saƙo daga maƙwabtansu. Da su mutum yake tunawa, da su yake bambance muryar da ke waje da wadda ke cikin kansa. Garkuwar jikin Tilde ta ɗauke su abokan gaba, ta ƙetare tsaron nan, ta bi su tana toshewa. Saƙo yana zuwa, babu mai karɓa.

"Ke nan duk abin da ta yi," na ce, "duk abin da ta faɗa..."

"Ba ita ba ce ta zaɓa. Kamar ka ce da mai karyayyar ƙafa ya daina ɗingishi."

Sun kuma duba cikinta sun ga ɗan ƙari a ƙwan mahaifarta na dama. Wai sau da yawa shi ne yake tayar da rikicin a 'yan mata, garkuwar ta fara faɗa da shi sai ta zarce. Za su cire shi jibi. Vibeke ta ce yawancin masu wannan ciwo suna dawowa, amma a hankali, wata da watanni, kuma wanda aka fara wa magani da wuri ya fi samun sauƙi.

Da wuri. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ta yi ƙoƙari sosai kada ta kalle ni.

Laraba, 22 ga Fabrairu, yamma

An yi tiyatar. Ƙarin ya kai girman ƙwan tantabara.

Muna zaune muna jira, Lisbet ta miƙo mini rabin burodinta ba tare da ta dube ni ba. Na karɓa.

Asabar, 25 ga Fabrairu, sha ɗaya na safe

Lisbet tana neman rigar sanyin Tilde, ja mai hula. Ta birkice gidan. Ta ce jakar tafiya ma ba ta gani ba, kuma an sami yarinyar ba jaka ba riga, to ina suka shiga? Ta ce bari ta tambayi Gudrun, ita da ba abin da ke wuce ta.

Ta sa takalmi. Na ce ta tsaya.

Na kai ta shago na ɗaga tamfol.

Zan rubuta shi nan yadda na faɗa mata, sau ɗaya, don in daina zagaye shi.

Ranar Juma'a, uku ga wata, na dawo wajen ƙarfe huɗu. Na tarar da Tilde a falo ta ciro hoton Jeppe daga bango, ta fasa gilashin, tana dariya. Ta ce Jeppe bai mutu ba, yana cikin bututun ɗumama ɗaki, ni na kulle shi a ciki. Idonta ya yi irin na shi na ƙarshe-ƙarshe. Na tambaye ta me ta sha, wa ya ba ta. Ta ci gaba da dariya. Shekara bakwai na yi ina buɗe wa Jeppe ƙofa duk lokacin da ya dawo, kuma bayan mun binne shi mutane suka riƙa cewa da na taurare masa da wuri wataƙila da ya tsira. Na haura sama na cusa kayanta a jaka. Na jefa jakar waje. Na kama Tilde a damtse, na fitar da ita. Na ce ba zan sake kallon wannan a gidana ba, ta dawo ranar da ta shirya faɗin gaskiya. Na murza makulli.

Ta ƙwanƙwasa. Ba da ƙarfi ba. Ta daina dariya, ta ce, "Baba, ban san hanya ba." Sau uku ta faɗa. A garin da aka haife ta. Na ɗauka wasa take mini da hankali. Na ƙara ƙarar rediyo.

Ana ruwa, iska daga teku. Silifas ne a ƙafarta.

Lisbet ta saurara har ƙarshe. Ta buɗe jakar, ta ciro jar rigar, Gudrun ta ninke ta tsaf. Ta rungume ta.

"Shekara talatin da ɗaya muna tare," ta ce, "ban taɓa jin tsoronka ba sai yau."

Ta tafi da motar. Ta kama ɗaki wajen wata 'yar uwarta kusa da asibiti.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Na shiga bas. Mun raba lokaci: ita safe, ni yamma.

Alhamis, 2 ga Maris, bakwai na yamma

Suna tace mata jini, rana bayan rana, don su wanke abin da ke kai harin. Ina zama ina kallon jinin yana fita ta wannan bututu yana komawa ta wancan. Ma'aikaciyar jinya ta ce in riƙa yi mata magana. Ban san me zan ce ba, sai na karanta mata hasashen yanayi na masu jirgi, da farashin kifi na kasuwar safe.

Na bi gari ina tambaya inda ta kwana daren Juma'a da na Asabar. Mai gidan burodi ya ce kamar ya hango ta wajen coci. Wani ya ga mutum a rumfar ajiye raga, bai matsa kusa ba. Na shiga rumfar. Na tsaya ciki minti ashirin ba riga, don in ji. Wauta ce. Ni na san hanyar gida.

Babu wanda ya sani. Vibeke ta ce da wuya ita ma Tilde ta sani.

Lahadi, 5 ga Maris

Ba canji.

Laraba, 8 ga Maris

Ba canji. Knud ya kawo mini kifi, ya ajiye a bakin ƙofa bai shigo ba. Gari ya ji ke nan.

Asabar, 11 ga Maris, huɗu na yamma

Sun cire na'urar numfashi. Tana bin mutum da ido. Da na shigo ta bi ni da ido daga ƙofa har kujera, ni kuwa na kasa ɗaga nawa.

Alhamis, 16 ga Maris, yamma

Ta yi magana. Da uwarta ta fara, da safe. Ta ce ruwa.

Da na zo ta daɗe tana kallona, bakinta yana neman kalmar. Ta ce, "Baba." Sannan, "Ka... rame."

Na fita na shiga bayi na buɗe famfo don kada a ji.

Laraba, 22 ga Maris, rana

Tana koyon komai daga farko. Riƙe cokali, taka matakala, lissafin yara. Tana saurin fushi, tana saurin kuka, ta tambayi abu ɗaya sau biyar. Amma ita ce. Jiya ta ce da mai kawo abinci miyarsu kamar ruwan wankin safa.

Abu na ƙarshe da take tunawa shi ne bikin sabuwar shekara, da ciwon kai. Daga nan sai silin ɗin asibiti. Vibeke ta ce haka ciwon yake, watannin nan ba su rubutu ba tun farko, ba za su dawo ba.

Na haɗu da Lisbet a bakin lif, tana fita ina shiga. Karo na farko da muka tsaya.

"Ba ta tuna ba," na ce.

"Na sani. Na ga fuskarka ta saki." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ba zan faɗa mata ba. Ban kuma ce dole ka faɗa ba. Amma tana tambayata me ya sa ba na kwana a gida, kuma ba zan ƙirƙiro mata labari ba."

Gaskiya ta faɗa. Fuskata ta saki. Na ji daɗi, na daƙiƙa guda, cewa ƙwaƙwalwar 'yata ta ƙone har ta goge laifina.

Lahadi, 26 ga Maris

Yau ta riƙe hannuna tana koyon tafiya a baranda. Ta ce, "Da ba don kai ba da na faɗi." Na ce ta kula da gabanta.

Alhamis, 30 ga Maris, shida na yamma

Na tambayi Vibeke ko faɗa mata zai iya mayar da ciwon. Ta ce a'a, ba haka yake aiki ba. Ta ce sauran ba tambayar likita ba ce.

Tilde tana zaune a bakin gado tana duba tafin ƙafarta, inda tabon yake.

"Baba, wannan fa? Mama ta ce in tambaye ka."

Na jawo kujera. Na faɗa mata duka, tun daga zazzaɓin, da katifar da na ɗaga, da abin da na ce da likitan farko. Na faɗi maganar jakar da ƙofar da na kulle. Na faɗi abin da ta ce sau uku. Na faɗi rediyon.

Ba ta yi kuka ba. Ta saurara kamar labarin wata.

"Kwana nawa?"

"Biyu."

"A ina?"

"Ba wanda ya sani."

"Ka neme ni?"

"A'a."

Ta ja bargo ta rufe ƙafafunta.

"Ka zaci ni Jeppe ce."

"E."

"Ko giya ba na sha, Baba. Saboda shi. Saboda kai. Ka san haka."

Na ce na sani. Na ce ba na neman ta ce komai.

"To ka tafi. Na gaji." Ina bakin ƙofa ta ƙara, "Kada ka zo gobe."

Juma'a, 31 ga Maris

Ban je ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Ban je ba. Lisbet ta aiko saƙo: ta taka matakala hawa biyu ita kaɗai.

Laraba, 12 ga Afrilu, uku na rana

An sallame ta yau. Ba gida za ta dawo ba. Ita da Lisbet sun kama ɗan gida a birni, kusa da inda za ta riƙa zuwa gashin gaɓoɓi da koyon magana, wata shida aƙalla. Lisbet ta bugo jiya ta ce suna buƙatar motar shago don kwasar kaya.

Na kai gado da tebur da akwatuna huɗu, hawa na uku, babu lif. Tilde tana zaune a kan akwati tana nuna inda za a ajiye. An aske mata gefen kai, ta rame, tana magana a hankali kamar mai taka ƙanƙara. Ba ta ce mini komai ba sai "can" da "a'a, can."

Da na gama na wanke hannu na ɗauki hulata. Ta biyo ni har bakin matakala tana dafa bango.

"Baba."

Na tsaya.

"Ban yafe ba. Na yi ta ƙoƙari in ji haushin yadda ya kamata, amma ba na tuna komai, sai ka ce an ba ni labarin wata yarinya, ina jin tausayinta. Wani lokaci in tashi ina son in rungume ka, kafin rana ta yi tsaka ba na son ganin fuskarka. Ban san wanne ne ciwon ba, wanne ne ni."

Na ce duk wanda ne, daidai ne.

"Kada ka yi mini wannan muryar." Ta numfasa. "An hana ni tuƙi shekara guda. Mama za ta koma aiki. Duk Litinin ina da Vibeke ƙarfe tara."

"Zan zo bakwai da rabi."

"Takwas da rabi. Kuma kada ka zauna a mota kana leƙen taga kamar Gudrun. Ka hau ka ƙwanƙwasa."

"To."

"Wataƙila in buɗe da wuri, wataƙila in bar ka ka ɗan tsaya."

Na ce zan tsaya.